Rashin iya riƙe kuɗi daban, haɗari daban

Jama'a, akwai wata muhawara da aka daɗe ana yi a Amurka da nake so mu duba tare. Magana ce ta tsofaffin sojoji da 'yancinsu na mallakar bindiga.

Ga yadda abin yake. Tun 1968 dokar tarayya ta hana duk wanda hukuma ta yanke cewa hankalinsa ya taɓu mallakar bindiga. A 1998 aka buɗe rajistar NICS a hannun FBI, inda dillali ke duba sunan mai sayen bindiga kafin ya miƙa masa. Daga nan Ma'aikatar Kula da Tsofaffin Sojoji, wato VA, ta fara aika sunaye can. Sunayen su wa? Duk tsohon sojan da ma'aikatar ta ga ba zai iya kula da kuɗin da take biyan sa ba, har ta naɗa masa wakili ya riƙa karɓa yana kashe masa. Shi ke nan fa. A wancan lokacin babu alƙali, babu zaman kotu. Ma'aikaci ne a ofis yake duba takardun likita ya yanke, sai sunan bawan Allah ya shiga jerin waɗanda aka haramta wa bindiga.

Ni dai a ganina an bar jaki ana dukan taiki. Ko a fiƙihunmu an san safihi, wanda ake naɗa wa waliyyi ya kula da dukiyarsa, kuma ba wanda ya ce safihi mai kisan kai ne. Dattijon da ya yi yaƙin Biyetnam, yau mantuwa ta kama shi, 'yarsa ke biya masa kuɗin wuta da na haya, wane bincike aka yi da ya nuna zai harbi wani? Tambayar da aka yi masa ta kuɗi ce, amma hukuncin da aka yanke masa na makami ne. A ƙasar da tsarin mulkinta ya ɗauki mallakar bindiga a matsayin haƙƙi, wannan ba ƙaramin abu ba ne, ko mutum yana son bindiga ko ba ya so.

Akwai kuma ɓarnar da ba a gani. Sojan da ya dawo daga Iraƙi ko Afganistan da firgici da rashin barci, idan ya ji cewa zuwa wurin likitan ƙwaƙwalwa zai iya jawo masa rasa bindigarsa, wallahi shiru zai yi. Gaskiya ne ganin likita kaɗai ba ya sa sunan mutum a rajista, amma tsoro ba ya karanta doka.

To amma masu goyon bayan tsarin su ma ba shirme suke yi ba. Alƙaluman VA sun nuna fiye da tsofaffin sojoji 6,000 ke kashe kansu duk shekara, kuma kusan bakwai cikin goma da bindiga ne. Bindiga ba ta ba mutum damar sake tunani. Wanda ya sha ƙwaya ana iya garzayawa da shi asibiti, wanda ya ɗana kunama kuwa sai dai addu'a. Duk wanda zai yi maganar 'yanci ya tsallake waɗannan rayuka bai yi adalci ba.

Shi ya sa nake cewa a auna abin da ya kamata a auna: shin mutumin nan haɗari ne ga kansa ko ga wasu? Ku tuna abin da ya faru a garin Lewiston na jihar Maine a Oktoban 2023. Wani sojan ko-ta-kwana ya harbe mutum 18. Kafin nan danginsa sun kai kuka ga 'yan sanda, an kwantar da shi asibitin ƙwaƙwalwa fiye da mako biyu, abokin aikinsa ya yi gargaɗi cewa zai iya buɗe wa jama'a wuta. Jihar tana da dokar karɓe makami na ɗan lokaci, amma ba a yi aiki da ita ba. Ga haɗari ƙiri-ƙiri an ƙyale shi, ga dattijo mai mantuwa an damƙe.

A Maris 2024 Majalisar Dokokin Amurka ta saka sharaɗi a dokar kasafin kuɗi: VA ba za ta aika sunan kowa ba sai alƙali ya tabbatar cewa mutumin haɗari ne. Na yarda da wannan, amma rabin aiki ne. Idan an ce sai alƙali, to dole hanyar zuwa gaban alƙalin ta zama mai sauri, ta kwanaki, kuma matar soja ko likitansa su san ƙofar da za su buga idan suka ga alama. A karɓi makamin na ɗan lokaci, a yi masa magani, idan ya warware a mayar masa. Rigakafi ya fi magani, amma a yi wa wanda cutar ke bi.

Wanda ya sa ransa a gaba domin ƙasarsa ya cancanci abu biyu: kada a ƙwace masa haƙƙi ba shari'a, kada kuma a bar shi shi kaɗai da bindiga a daren da duniya ta yi masa ƙunci. Mai wata fahimta daban ya kawo, muna saurare. Allah Ya ba marasa lafiya lafiya.