A mayar da shi tun daga bakin ƙofa

Matasa da yawa yanzu sun buɗe wa sana'arsu shafin intanet: masu turare, masu ɗinki, masu sayar da data. Sai a ƙirƙiri adireshin imel mai farawa da info, a manna shi a Facebook da Instagram da ko'ina. Kafin wata biyu akwatin ya cika da tarkace. Wannan ya ce ka ci kyautar miliyoyi, wancan ya ce za a rufe maka asusun banki. Ranar da kwastoman gaske ya turo oda, kana cikin gogewa da sauri, har da nasa.

Akwai manhajojin da aikinsu kawai bin shafuka suna tsintar adireshi, kuma sayar da jerin ake yi. In naka ya shiga, ya shiga ke nan.

Mu a ganinmu, adireshin da ya lalace haka a canza shi, a sanar da kwastomomi, sannan a sa sabar imel ɗin ta ƙi karɓar komai da sunansa. Duk sabar da ta kawo saƙo, sai ta faɗi daga wa yake da kuma wa za a ba, kafin ta miƙa saƙon kansa. A daidai nan taka za ta iya amsawa da lambar 550, wato ba a karɓa a nan. Kaya ya tsaya a hannun wanda ya ɗauko shi. In kwastoman gaske ne ya yi amfani da tsohon adireshin, zai ga sanarwar cewa saƙonsa bai isa ba, ya neme ka a waya. A Postfix, layi ɗaya ake ƙarawa a jerin masu karɓa.

Abin da ba ma so shi ne saba ta karɓa tukuna, daga baya ta mayar. Masu wannan harka sunan wani suke ɗorawa a matsayin mai aikawa, don haka sanarwar wani bawan Allah za ta je wa, wanda bai ji ba bai gani ba. In abin ya yi yawa, sabarka ce za a sa a baƙin jeri, saƙonninka na halak su fara faɗawa kwandon shara a wurin mutane.

Ka tambayi wanda ya haɗa maka shafin ko ya kunna tsarin nan mai karɓar duk sunan da aka rubuta kafin alamar @, ko da babu mai shi. In a kunne yake, ya kashe shi yau.