Yaranmu na haddace babin ƙwaƙwalwa suna azabtar da tasu



Lokacin jarrabawa ya sake ƙaratowa. JAMB ce a gaba, WAEC na biye da ita a watannin Mayu da Yuni, sannan NECO. Wanda duk ya ratsa unguwa da tsakar dare a irin wannan lokaci zai tarar da 'yan ajin ƙarshe na sakandare a zaure ko a bencin mai shayi, littafi a cinya, fitilar waya a hannu, ana kora Nescafe, wani har da goro a kunci. Iyaye su gani su ji daɗi, su ce yaro ya dage. Mu a ƙungiya ba mu ga abin murna a nan ba, kuma hujjarmu tana cikin littafin Bayolojin da yaran ke riƙe da shi.

A manhajar Bayoloji akwai babin ƙwaƙwalwa da laka da jijiyoyi. Yaranmu da yawa suna tsoron babin nan saboda sunayensa masu nauyi, sai su haddace su kamar lambar waya, ba tare da sun san cewa labarin jikinsu ake ba su ba. Yarinyar da ke ratsa cunkoson Mokola da faranti a ka bai zube ba, sashen ƙeya da ake kira serebelam ne ke daidaita ta. Numfashi da bugun zuciyar da ba sa tsayawa ko muna barci, aikin medula ne. Uwar da ta taɓa tukunya mai zafi ta fizge hannu tun kafin ta ji ciwon, saƙon a laka ya juyo, bai jira umarnin ƙwaƙwalwa ba. Faɗuwar gaba da bushewar baki a ɗakin jarrabawa kuwa, adirenalin ne. Yaron da zai iya yi wa kakarsa wannan bayani da Hausa har ta gane, shi ne zai rubuta shi da Turanci ba tare da gumi ba. Yaranmu suna jin Hausa da Yarabanci da Turanci, to me ya sa za a bar ilimi a kulle cikin harshe ɗaya?

Sai batun barci, wanda shi ne ya sa muka yi wannan rubutu. Abin da mutum ya karanta da rana ba ya zama daram nan take. Akwai wani ɗan sashe can cikin ƙwaƙwalwa, hifokamfas, da ke karɓar sabon abu kafin a adana shi. A 1953 likitoci a Amurka suka cire wa wani mutum mai suna Henry Molaison yawancin wannan sashe don maganin farfaɗiya. Ya ci gaba da tuna ƙuruciyarsa, amma har ya rasu a 2008 ba ya iya riƙe sabon labari. Bincike ya nuna cewa babban ɓangare na aikin adanawar nan a cikin barci ake yin sa. Shi ya sa masana ke cewa matashi na bukatar barcin awa 8 zuwa 10. Wanda ya kwana a zaune, ya yi sallar asuba ya sa yunifom, ɗibar ruwa yake yi da kwando.

Goro kuwa ba mu raina shi ba, tunda fataucinsa da na shanu ne suka raya Sabo tun da aka kafa ta a 1916. Amma sinadarin kafeyin da ke cikinsa, da cikin Nescafe, ba ya kawar da gajiya, hana ƙwaƙwalwa jin ta kawai yake yi, kuma bayan kimanin awa 5 rabinsa na nan a jini. Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne ƙwayar da wasu abokai ke miƙa wa yaro da sunan “ta karatu”. Daga nan ake zarcewa zuwa tiramol da kodin. Ba a banza gwamnatin tarayya ta haramta maganin tari mai kodin a 2018 ba.

Abin mamaki, hanyar da ta fi dacewa muna da ita a gida. A 1885 wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya gwada a kansa ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a sa'o'in farko bayan karatu, kuma maimaitawa a rarrabe cikin kwanaki ta fi tarawa a zama ɗaya. Alarammominmu ba su ji sunansa ba, amma ai wannan ita ce tilawa. Ba malamin da ke barin almajiri ya wanke allo sai ya biya masa da ka. Ba mahaddacin da ke barin tishi sai daren musabaƙa. Yaron da ya riƙe izu goma ta wannan hanya, in ya zo Bayoloji sai ya watsar da ita, ya koma kallon shafi yana ja masa layi da biro. Kallon shafi daɗi gare shi, domin komai sai ya zama kamar an san shi. A rufe littafin a gani. Ya zana ƙwayar jijiya da ka, ya sa sunayen sassanta, ya buɗe ya duba inda ya kuskure, ya sake bayan kwana biyu, sannan bayan mako. Tambayoyin shekarun baya ma haka, a amsa kafin a leƙa amsa.

Mun san abin da wasu iyaye za su ce, kuma suna da gaskiya. Ɗaki ɗaya ne mutum bakwai, da rana hayaniya, NEPA sai ta ga dama, yaro kuma yana shago ko wajen canji yana taya uba har bayan isha. Dare ne kaɗai nasa. To a nan ne nauyin ya dawo kanmu. Wata uku ne kacal. A sauke wa ɗan jarrabawa zaman shago daga la'asar, a ɗauke wa 'yan mata talla da wanke-wanken dare, su da aikin gida ya fi cinye wa lokaci. Muna roƙon masu makarantun Islamiyya su bar aji ɗaya a buɗe bayan an tashi, masu janareto su taimaka da layi guda, 'ya'yanmu da ke jami'a da foliteknik kuma su ba da yammacin Asabar su riƙa yi wa ƙannensu tambayoyi.

Daga Sabo zuwa asibitin koyarwa na UCH tafiyar 'yan mintuna ce. Tun 1957 yake nan, kuma a can Farfesa Latunde Odeku ya kafa sashen tiyatar ƙwaƙwalwa a shekarun 1960. Mu da muke raka iyayenmu can mun san yadda tsohuwa ke shan wahala wajen yi wa likita bayanin ciwonta in babu mai jin Hausa a kusa. Ɗan Sabon da zai tsaya a wannan ɗaki da farar riga, ko 'yar Sabon da za ta zama nas ko ungozoma, dole sai da kiredit a Bayoloji.

Mai aji ko janareto ko lokacin da zai bayar, ya rubuta mana a ƙasa ko ya same mu bayan sallar Juma'a. Allah ya ba yaranmu sa'a.