Hawan Dutse da Iyo a Teku: Tafiyar da Ba a Yi Mutum Ɗaya

 A wannan wata za mu taɓo wani wasan motsa jiki da ya samu karɓuwa a ƙasashen Turai, wanda kuma samarinmu na zango suke gani a wayoyinsu yana ba su sha'awa. Wasan shi ne mutum ya haɗa hawan tsauni da iyo a teku cikin tafiya guda, a wuraren da suke nesa da gari, inda babu mota, babu kanti, babu mai gadin bakin ruwa. Ya yi tafiyar ƙasa, ya hau ya gangara, in ruwa ya tare masa hanya ya faɗa ya ƙetare, ya fito ya ci gaba.

Da jin haka wani zai ce ai wasan masu ƙoshi ne, ina ruwanmu. To, da ruwanmu. 'Ya'yanmu na Nima da Mamobi da zangon Sekondi a bakin teku aka haife su, kuma duk wanda ya leƙa bakin ruwan Labadi washegarin Salla ya san yawan namu da ke wurin. Saboda haka ya kamata mu duba yadda masu wannan wasa suke yinsa, mu ga abin da ke tsare rayukansu, ko ma samu abin ɗauka.

Bari mu fara da ƙasar Sikotland da ke arewacin Birtaniya. Gaɓar tekunta ta yamma duk duwatsu ne da tsibirai, ga kuma rassan teku da suka kutsa cikin ƙasa. Mutanen can sun daɗe da al'adar hawan tsaunuka, har suna da jerin manyan tsaunuka 282 waɗanda kowannensu ya haura mita 914, mutum yakan shafe shekaru yana binsu ɗaya bayan ɗaya. A shekarar 2003 majalisarsu ta yi dokar da ta ba kowa izinin ratsa yawancin filaye da ruwayen ƙasar, muddin bai yi ɓarna ba. Akwai wurare irin su tafkin Coruisk a tsibirin Skye, wanda tsaunuka suka kewaye shi, ba a isa gare shi sai da ƙafa ko ta jirgin ruwa. Mai wannan tafiya yakan zuba tufafinsa da guzurinsa cikin wata jakar roba mai launin ruwan lemo wadda ruwa ba ya shigarta, ya hura mata iska, ya ɗaura ta a ƙugu da igiya, tana biye da shi a bayansa. Jakar tana tsare kaya, tana sa masu jirgi su hango shi, in kuma ya gaji ya rungume ta ya huta.

A ƙasar Suwidin kuwa abin gasa ya zama. A shekarar 2002 wasu abokai huɗu suka yi gardama a kan wa zai riga wani ƙetare tsibiran da ke gaban birnin Istokholm, da ƙafa da iyo kawai. Suka rabu biyu-biyu suka kama hanya, tafiyar ta ci musu fiye da kwana guda. A 2006 aka mayar da abin gasa mai suna Ötillö, ma'ana daga tsibiri zuwa tsibiri, ana yinta a farkon watan Satumba. Nisanta wajen kilomita 70 ne, kusan 10 daga ciki iyo, ta kan tsibirai fiye da 20. Da takalmi a ƙafa suke iyo, da rigar robar iyo a jiki suke gudu, don babu lokacin sauya kaya.

Abin da ya fi jan hankalinmu a wannan babbar gasa shi ne dokarta: mutum biyu-biyu ake shiga, kuma ba a yarda abokan tafiya su yi wa juna nisan da ya wuce mita 10 ba. Da yawansu ma igiya suke ɗaurawa a tsakaninsu. Ku lura, waɗannan fa gwanaye ne, ga jiragen ceto suna biye da su, amma duk da haka ba a sakin mutum shi kaɗai.

Dalili kuwa shi ne haɗarin yana wurin haɗuwar abubuwan biyu. Wanda ya sha hawa ya sha gangara ƙarfinsa ya ragu, ya yi gumi, ƙafafunsa sun yi nauyi, amma zuciyarsa tana gaya masa shi ne dai wanda ya fito da safe. Ga shi ruwan can sanyi gare shi. Ruwa mai irin wannan sanyi yakan sa mutum ya ja numfashi da ƙarfi ba da saninsa ba a minti na farko, in kansa na cikin ruwa a lokacin ya shaƙa ke nan. Bayan 'yan mintoci hannuwa su fara mutuwa, iyon ya gagara. Ko bayan an fito ma jiki yakan ci gaba da yin sanyi har wajen rabin awa, mutum ya kama makyarkyata, tunaninsa ya rikice, alhali akwai sauran hawa a gabansa. Wanda ya shiga wannan hali ba ya gane ya shiga. Abokin tafiyarsa ne zai ga maganarsa ta sauya, ya tsayar da shi, ya lulluɓe shi, ya ba shi abu mai zafi.

To, mu dawo gida. Wurin da ya dace da irin wannan tafiya a nan Ghana yana yammacin Takoradi, a ƙasar Ahanta. In ka bi ta Agona Nkwanta ka sauka Busua, kana iya takawa gabas ka hau tudu ka gangara Butre, inda kangon sansanin Batenstein da Turawan Holan suka gina a 1656 yake bisa tsauni yana kallon teku da bakin kogi. In yamma ka nufa, ga Dixcove, ga Akwidaa, ga Cape Three Points, ƙarshen ƙasar nan ta kudu, da hasumiyarta mai haska wa jirage hanya da kurmin da gwamnati ta keɓe, har ka dangana da Princes Town da sansaninta na 1683. Tuddan ba su kai na Sikotland ba, amma hawa da gangara cikin zafin rana da gumi ba ƙaramin aiki ba ne. Tsakanin tudu da tudu kuwa sai rairayi da itatuwan kwakwa, wani wurin ka yi tafiya mai nisa ba ka gamu da kowa ba.

Mu a nan sanyi ba shi ne babbar matsalarmu ba, ko da yake tekun yakan yi ɗan sanyi daga Yuli zuwa Satumba. Matsalarmu ita ce jan ruwa. Raƙuman ruwa suna turo ruwa bakin gaɓa ba fasawa, shi kuma dole ya nemi hanyar komawa, sai ya tattaru a wata 'yar siririyar hanya ya koma ciki da gudu. Gudun nan yakan kai mita 2 a daƙiƙa guda, wanda ya isa ya gagari zakaran iyo. Abin da ke yaudarar baƙo shi ne wurin ya fi ko'ina kwanciya a ido: hagu kumfa, dama kumfa, tsakiya lumui, ruwan ya ɗan yi duhu. Wanda ya sauko daga tudu a gajiye nan zai zaɓa, don nan ya ga kamar babu faɗa. Irin wannan ja ya fi yawa kusa da duwatsu da bakin koguna, wato daidai wuraren da mai tafiyar ƙasa yake son ƙetarewa don ya rage hanya.

In ruwa ya ja mutum, kada ya yi kokawa da shi yana neman komawa gaɓa kai tsaye, nan ƙarfi ke ƙarewa. Jan nan ba ƙasa yake yi da mutum ba, ciki yake yi da shi, kuma ba shi da faɗi. Sai ya kwanta rigingine ya bar ruwa ya ɗauke shi, ya daidaita numfashi, ya ɗaga hannu ɗaya don a gan shi, sa'an nan ya yi iyo gefe, ta tsawon gaɓa, har ya fita daga hanyar jan. Amma ɗaga hannu ba shi da amfani in babu mai kallo. Shi kuma na tudu kada ya faɗa don ya ga ɗan'uwansa a ciki, sau da yawa ta haka gawa ɗaya take zama biyu. Ya jefa masa abin da ke tasowa kan ruwa, ko da jarka ce mai murfi, ya yi kururuwar kiran masunta, ya buga 112 in waya ta samu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutane kimanin 300,000 ne ruwa ya ci a shekarar 2021, kuma in aka auna da yawan jama'a yankin Afirka ne ya fi kowane yanki asara. A wannan shekarar ce Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ranar 25 ga Yuli don faɗakarwa a kan nutsewa. Ba ma fata namu su ƙaru a cikin lissafin.

In muka duba da kyau, dokar nan ta mutanen Suwidin ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Kakanninmu fatake da suka riƙa takowa daga Kano da Katsina zuwa Salaga neman goro, watanni suke yi a hanya, kuma ba mu taɓa jin wanda ya kamo hanyar shi kaɗai ba. Ayari ake yi, ga madugu, ga jagaba a gaba. Da sun iso bakin Kwara kuwa, duk jarumtar mutum sai ya tsaya ya nemi masu jirgi, don ya san ƙafa tasa ce amma ruwa na masu shi ne. Tafiyar ƙasa mun gada. Iyon kogi ma akwai gwanayensa a cikinmu, wanda ya ga bikin kamun kifi na Argungu ya shaida. Amma kogi hanya ɗaya yake bi, teku kuwa tana kaiwa tana komowa, tana cika tana janyewa sau biyu a kwana guda, ta yadda dutsen da ka kewaya da safe ƙafa a bushe, da rana sai ka tarar ruwa ya rufe hanyar.

Saboda haka ga shawararmu ga ƙungiyoyin samari da ke son gwada wannan tafiya. A fara koyon iyo a wurin wanka na gari inda akwai mai koyarwa, tun kafin a je teku. A tafi aƙalla mutum huɗu, biyu na ruwa biyu na tudu suna kallo, kuma kowa ya san wane ne abokinsa. A gaya wa na gida inda aka nufa da lokacin dawowa. In an isa ƙauye a yi sallama da masunta a tambaye su inda ake shiga da inda ba a shiga, matambayi ba ya ɓata. A kuma tambayi ranar hutunsu, don a yawancin garuruwan bakin teku ba a fita su ranar Talata, wanda ke nufin ranar babu kwalekwale a kan ruwa da zai kawo agaji. A riƙe isasshen ruwan sha, a huta a inuwa bayan hawa kafin a shiga. Kada a shiga da doguwar riga ko zane ko wandon jins, in sun sha ruwa nauyi suke yi su naɗe ƙafa. Akwai tufafin iyo marasa nauyi masu rufe jiki, na maza da na mata. A kuma yi hattara da tafkuna da ƙoramun ruwan daɗi da ke kwance kusa da ƙauyuka, saboda tsargiya.

Ga iyaye kuma, hani kawai ba ya tsare yaro, sai dai ya sa ya tafi a ɓoye, shi kaɗai ko da wanda bai fi shi sanin ruwa ba. Gara mu san ranar da za su, mu san da wa za su, mu kuma biya kuɗin koyon iyo kamar yadda muke biyan na makaranta. Hausawa sun ce iya ruwa fid da kai, kuma wani lokaci fid da kan shi ne mutum ya dubi ruwa ya ce yau ban shiga ba, abokinsa ya ce na yarda.

Nan za mu dakata. Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.