Wa ke biyan direba kwanakin jira?

Duk wanda ya taɓa zama da direbobin manyan motoci a Maraɗi, ko a bakin hanyar Tibiri ko wajen Jiratawa, ya san gardamar da ba ta ƙarewa tsakaninsu: wace tirela ce ta fi daɗin ja?

Mai sitarni ya ce tasa ce, domin man da yake ɗaukowa daga matatar SORAZ ta Damagaram da tiyo ake zuba shi, da tiyo ake sauke shi, babu ƴan dako, babu ƙidayar buhu. Sai a tuna masa sitarnin da ta kama wuta a Yamai cikin watan Mayu na 2019, mutum fiye da 50 suka hallaka, a kuma tuna masa cewa in mai ya gaza a wurin awo, shi ake fara tuhuma. Mai kwantena ya ce duwan sun rufe sun sa hatimi, ba ruwansa da abin da ke ciki. Mai filato kuwa yana shan wahalar igiya da tamfol, amma da wuya ya dawo wayam: in ya kai wake ko aya, ya samo siminti. Mai ɗaukar shanu zuwa Najeriya ba ya ma shiga gardamar, barci yake nema.

A ganinmu gardamar nan ta bar jaki tana dukan taiki. Abin da ya raba direba da direba ba ƙirar tirela ba ne, takarda ce. Akwai wanda ke da yarjejeniya a rubuce, da albashin wata, da lamba a asusun ma'aikata na CNSS. Akwai kuma wanda tsakaninsa da mai mota sai baki da amana, kuma irinsa ba kaɗan ba ne a garin nan. Shi ana ba shi kuɗin hanya, a ce in ya dawo a gani.

Amana ta yi aiki a zamanin gyaɗa, lokacin da kamfanin SONARA, wanda aka kafa a 1962, ke tura buhuna zuwa Faraku, jirgin ƙasa ya ƙarasa da su Kwatano. Hanya sananniya ce, kwanakinta ƙidayayyu. Amma a 2023 iyakar Benin ta rufe, kaya suka koma bi ta Lome da Burkina Faso, cikin ayari da rakiyar soja. Tafiyar ƴan kwanaki ta zama ta makonni, wani lokaci watanni. Kuɗin hanya ya ƙare a wurin jira, direba ya ci bashi a ƙasar mutane, iyalinsa suka ci bashi a gida. Yaron mota fa? Shi abincinsa ne ladansa. Mai mota ma ya yi hasara, ba mu musa ba, amma motarsa na da asiransi, kuma ba ta jin yunwa.

Wanda ake biya bisa yawan tafiya, ba bisa kwanakin aiki ba, dole ya yi gudu, dole ya tuƙa da dare, kuma ba ya iya cewa a'a in an labta masa kaya. Dokar UEMOA mai lamba 14 ta 2005 ta ƙayyade nauyin da babbar mota za ta ɗauka. Wanda ya ƙulla cinikin lodi yana kwance gidansa, direba ne ke tsaye gaban ma'auni da jandarma. Kwaltar da ke farfashewa tsakanin Maraɗi da Ƙwanni kuwa, da kuɗin kowa ake gyaranta.

Ba sabuwar doka muke roƙo ba. Dokar ƙwadago ta 2012 ta shafi direba kamar yadda ta shafi akawu, kuma tun farkon 2024 mafi ƙanƙantar albashi a Nijar ya zama jika 42 a wata. Abin da ya rage shi ne sandikar direbobi da ta masu motoci su zauna gaban masu binciken aiki na jihar Maraɗi, su rubuta albashi, su rubuta kuɗin kowace rana ta jira, su rubuta wanda zai biya tara in lodi ya wuce ƙa'ida, su kuma sa sunan yaron mota a ciki. Takardar ta fito da Hausa, ba da Faransanci kaɗai ba, domin direba ya karanta da kansa kafin ya sa hannu.