RA'AYI: Yaran Maiduguri da jiragen da ba sa tashi

Wanda ya shiga Kasuwar Shanu da ke Maiduguri da hantsi, hankalinsa kan tafi ne ga ƙaho da ƙura da hayaniyar dillalai, da manyan motocin da ake loda wa dabbobi zuwa Kudu. Ba kowa ke lura da sana'o'in da ke cin abinci a gefen wannan ciniki ba: masu walda da ke gyaran bodin mota, kafintoci, maƙera da masu faci. A gindin irin waɗannan rumfuna ne yaran unguwa kan tsinci guntun kwano da waya da tsohon silifas, su haɗa abin da idonsu ya saba gani. A wasu garuruwan abin da yaro ya saba gani shi ne tirela, shi ya sa yake yin motar kara ko ta langa-langa. Yaron Maiduguri da aka haifa bayan 2009 kuwa ya tashi ne yana jin rugugin jiragen yaƙi a saman gidansu. Ba abin mamaki ba ne idan hannunsa ya karkata ga fiffike da farfela.

A wasu ƙasashe wannan wasa ya daɗe da zama fanni mai ƙa'ida. Ana sayar da jirgi gunduwa-gunduwa a cikin kwali, tare da zane da lambar kowane ɓangare, mutum ya zauna ya haɗa, ya goge, ya yi fenti, ya ajiye a inda za a gani. Ginshiƙin abin shi ne ma'auni. Idan aka ce 1:72, ana nufin kowane santimita ɗaya a jikin samfurin yana wakiltar santimita 72 a jikin jirgin gaske. Jirgin Super Tucano, wanda Najeriya ta karɓi guda 12 a 2021, faɗin fikafikansa ya ɗan haura mita 11. A ma'aunin 1:72 bai wuce tsawon tafin hannu ba. A ma'aunin 1:4 kuwa fikafikan za su kusa kai mita uku, ba zai shiga ƙofar ɗaki ba sai an kwance shi. A nan ne wasa ke komawa aiki. Fiffike mai wannan tsawo zai lanƙwashe idan ba a saka masa ƙashi a ciki ba, kuskuren milimita biyu a gindi kan zama karkata da ido ke gani a ƙarshe, kuma idan nauyi ya rinjaya baya jirgin zai zauna kan wutsiya. Yaron da ya warware waɗannan matsaloli uku ya koyi karanta zane, ya koyi raba lamba, ya san inda nauyi ke taruwa, ko da bai san sunayensu a littafi ba.

Hukumomi a can sun gane haka tuntuni. A 1942 gwamnatin Amurka ta nemi ɗaliban makarantu su sassaƙa samfurin jirage 500,000 a ma'aunin 1:72, domin a koya wa sojoji bambance jirgin gida da na abokan gaba. A 2009, a Ingila, mai gabatar da shirin talabijin James May ya tara 'yan makaranta suka haɗa samfurin jirgin Spitfire daidai girmansa na gaske, aka ajiye shi a gidan tarihin sojin sama da ke Cosford.

Najeriya ma ba baƙuwa ba ce ga jirgin da ke zuwa a kwali. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, tun daga 1940, an riƙa sauke jiragen yaƙi cikin akwatuna a tashar ruwa ta Takoradi da ke Gana, a haɗa su a can, sannan a tuƙo su ta Legas da Kano da Maiduguri zuwa Hartum da Alƙahira. Dubban jirage sun bi wannan hanya, kuma Maiduguri zango ce a cikinta. Bayan shekaru kusan hamsin, jirgin horaswa na Air Beetle da aka haɗa wa rundunar sojin sama a Kaduna, guda 60, asalinsa jirgin RV-6A ne na kamfanin Van's, wanda ake sayar wa masu sha'awa gunduwa-gunduwa su haɗa a garejin gidansu. Ke nan abin da wasu ke ɗauka wasan yara ne, da shi aka yaye matuƙa.

To, a ƙaddara yau wani matashi a Gamboru ya ɗauki wata shida yana gina samfurin Alpha Jet a ma'aunin 1:6, mai faɗin mita ɗaya da rabi, babu inji, babu batir. Matsalarsa ta farko kayan aiki. A watan Yulin 2023 Gwamna Babagana Zulum ya haramta sana'ar jari-bola a faɗin jihar Borno, bayan kashe-kashen da aka riƙa yi wa masu shiga daji neman ƙarafa da kuma satar kayan gwamnati. Matsalarsa ta biyu ta fi girma. Tun 2016 Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama, wato NCAA, ta wajabta samun izininta da na Ofishin Mashawarcin Shugaban Ƙasa kan Harkokin Tsaro kafin a tayar da jirgi marar matuƙi. A Janairun 2025 rundunar Operation Hadin Kai ta hana amfani da irin waɗannan jirage a Borno da Yobe da Adamawa, bayan da mayaƙan ISWAP suka fara ɗora musu abubuwan fashewa.

Babu mai hankalin da zai ce waɗannan matakai ba su da dalili. Garin da ya binne mutane da yawa haka yana da haƙƙin yin taka-tsantsan da duk abin da ke da fiffike. Amma matashin nan dole ya ɗora jirginsa a kan Keke Napep idan zai kai shi makaranta ko wurin baje-koli, kuma dole ya bi ta shingen bincike. Jami'in da ke wurin ba injiniya ba ne, umarni aka ba shi, kuma ransa ne a kan layi. Ba laifinsa ba ne idan ya kasa bambance falanki da soso da aka yi wa fenti daga abin da aka ce ya kama. Dokokin sun yi magana ne a kan abin da ke tashi. Abin da ba ya tashi kuwa an bar shi ga fahimtar wanda ke tsaye a bakin titi, uba mai hankali kuma zai gwammace ya ce wa ɗansa ya bar wannan shirme da ya kwana yana neman mai yi masa beli.

Laifin da ya fi wannan daɗewa shi ne yadda manya ke karɓar irin waɗannan yara. A 2007 sunan Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin kimiyyar fiziks a Jami'ar Bayero ta Kano, ya zaga duniya saboda jirgi mai saukar ungulu da ya haɗa da tarkacen motoci da injin Honda Civic, wanda ya ɗan ɗaga sama kaɗan daga ƙasa. Daga lokacin zuwa yau salon bai sauya ba. Bidiyo ya yaɗu, mai muƙami ya kira yaro ofis, a ɗauki hoto, a miƙa ambulan, hadimai su rubuta sanarwa. Tambayar da kowa ke yi ita ce ko ya tashi. Da wuya a ji wanda ya tambayi ma'aunin da aka yi amfani da shi, ko ya nemi ganin zanen. Wannan tambaya ta tashi ita ce ke tura yara ɗaura injin janareto a jikin kwano, abin da ke da hatsari ga rayuwarsu, kuma a Arewa maso Gabas ya saɓa wa doka. Samfurin da ke tsaye cak amma ya dace da zane ya fi koya wa yaro aikin injiniya a kan tarkacen da ya yi tsalle sau ɗaya ya faɗi.

Gyaran ba ya buƙatar sabuwar hukuma, domin akwai su har sun yi yawa. Akwai Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya tun 1964. Akwai Cibiyar Fasaha ta Rundunar Sojin Sama a Kaduna, a birnin da aka ƙaddamar da jirgi marar matuƙi na Gulma a 2013 da Tsaigumi a 2018. Akwai NASENI a Abuja. A cikin Maiduguri kanta ga Jami'ar Maiduguri ga Kwalejin Fasaha ta Ramat, masu ɗakunan aiki da malamai. Abin da ya rage shi ne rubutacciyar sanarwa, daga NCAA da ofishin mashawarcin tsaro tare da amincewar rundunar da ke filin daga, wadda za ta fayyace cewa samfurin da babu inji ko na'urar sarrafawa a jikinsa ba ya cikin haramcin, matuƙar an gina shi a ƙarƙashin makaranta ko ƙungiyar da aka yi wa rajista, kuma yana ɗauke da lamba da takardar shaida. Wannan zai taimaki jami'an tsaro ma, domin za su san wane ne ke da wannan hannu a gari, kuma a ina yake aiki. Hannun da gwamnati ba ta sani ba, wasu na iya riga ta saninsa.

Ba lallai ne a yi odar kwalaye da dala ba. Zane a takarda ya isa, sauran kuwa falanki ne da kwali da gam da tef ɗin awo, kuma masu walda da kafintocin gefen Kasuwar Shanu sun san yadda ake ƙarfafa abu mai tsawo kada ya lanƙwashe, don kullum aikinsu ke nan a jikin motocin shanu. Wurin ajiyewa ma akwai. Zauren jiran fasinjoji na filin jirgin saman Maiduguri yana hannun hukumar FAAN ta tarayya, kuma yawancin masu zama a cikinsa ma'aikata ne da hadimai masu jiran jirgin Abuja. Samfurin Hurricane, ɗaya daga cikin jiragen da suka yi zango a garin a shekarun 1940, idan aka yi shi a ma'aunin 1:4, fikafikansa mita uku ne, kuma za a iya rataye shi a rufin zauren da sunan makarantar da ta gina shi a ƙasa.