Hanyar Ikorodu: An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

Duk wanda ya taɓa kwana a Ketu ko Mil 12 ya san irin ƙarar da hanyar Ikorodu takan yi da asuba, watau ƙarar birki, sa'an nan salati. Kafin gari ya waye sosai an rufa wa wani bawan Allah tsumma a gefen titi, motoci kuwa suna ta wucewa sai ka ce kaza aka take. In aka tambayi ma'aikatan hukuma, amsarsu ɗaya ce kullum, wai mutanen nan ba su jin magana, an gina musu gada sun ƙi hawa. In aka tambayi 'yan'uwan mamaci, sai su ce kwanansa ne ya ƙare. Tsakanin waɗannan amsoshi biyu ne masu alhakin jinin ke sulalewa, ba wanda ya ce musu kanzil.

Ya kamata a fara tuna ko wace irin hanya ce wannan. Ita ce tsohuwar hanyar Arewa, wadda ta tashi daga Ikko ta bi ta Ikorodu da Shagamu da Badun da Ilori da Jebba da Kwantagora har Sakkwato. Kafin a buɗe sabuwar hanyar Ikko zuwa Badun cikin 1978, ta nan ne akasarin motocin Arewa ke shigowa. Sunan Mil 12 ma kansa shaida ne cewa a da wurin bayan gari ne. Amma yau gari ya cinye shi. Daga Fadeyi zuwa Onipanu, daga Maryland zuwa Ojota da Ketu, gidaje ne da makarantu da masallatai da coci-coci dama da hagu, ga kuma babbar kasuwar da tumatir da albasa da tattasai na Arewa ke sauka don ciyar da birnin. Duk da haka an shimfiɗa titin, a wasu wurare har layi goma, kamar wanda ya ratsa dokar daji, direbobi kuma suna gudu a kansa kamar haka ɗin ne.

Lissafin ba shi da wuya. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin mita 22 cikin daƙiƙa ɗaya. Daga lokacin da direbanta ya hangi mutum zuwa lokacin da za ta tsaya cik, sai ta ci fiye da mita 50, in ma birkinta lafiyayye ne, tayarta ba ta gwanjo ba ce, titi kuma busasshe. A gudun kilomita 50 kuwa, wanda shi ne iyakar da doka ta yanka a cikin gari, wajen rabin wannan ya ishe ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa in gudun mota ya tashi daga kilomita 50 zuwa 65, haɗarin mutuwar wanda ta buge yakan ninka sau huɗu da rabi. To, mutum mai kaya a kā yana bukatar wajen rabin minti kafin ya ƙetare layi goma. Cikin wannan rabin minti mota nawa za ta iso kansa? Ashe gudu ne ke kisa, gudu kuwa ba ɗan dako ke yinsa ba.

Sai a ce ai ga gada nan an gina. Gaskiya ne akwai gadojin ƙetarewa a Ojota da Ketu da Mil 12. Amma wanda ya zana su a ofis mai sanyi, ya taɓa ɗaukar kwandon tumatir a kansa ya hau matakala? Mai tura baro da buhun albasa biyu ta ina zai hau? Gurgu fa, da makaho, da tsohuwa mai ciwon gwiwa, da mace mai tsohon ciki ga goyo? Daɗin daɗawa, tsakanin wata gada da wata akwai tafiya mai nisa, da dare kuma jama'a sun sha kokawa cewa duhu ne a sama, ɓata-gari sun mai da wurin matsugunni. Mutumin da aka ba zaɓi tsakanin wuƙar ɓarawo a sama da tayar mota a ƙasa, sa'an nan a kama shi a gurfanar da shi gaban kotun tafi-da-gidanka don ya zaɓi ƙasa, an yi masa adalci ke nan?

Ba a ce masu tafiya a ƙasa ba su da laifi ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Saurayi majiyi ƙarfi wanda ba ya ɗauke da komai, ga gada bisa kansa da rana tsaka amma ya haura shingen waya don ƙiwuya, wannan ya cancanci horo. Sai dai laifinsa kansa yake ci. Laifin mai tirela kuwa gari guda yake ci. A watan Yuni na 2018 wata tanka maƙare da fetur ta faɗi ta kama da wuta a gadar Otedola, ba nisa da Ojota, mutane suka ƙone, motoci fiye da 50 suka zama toka. A watan Janairu na 2023 kwantena ta suɓuce daga kan tirela a gadar Ojuelegba ta danne wata ƙaramar bas, mutum 9 suka rasu, alhali irin wannan ta taɓa faruwa a wurin cikin 2015. Waɗannan motoci ba na 'yan dako ba ne. Kowace tana da ubangida mai suna da adireshi, kowace kuma tana da takardar da wani ma'aikaci ya sa wa hannu cewa lafiyarta lau. Wai shin sau nawa jama'a suka ga an ɗaure ubangidan mota, ko an kori wanda ya sa hannun?

Haka nan motocin danfo. Direba ya tsaya a tsakiyar titi yana lodi domin ɗan kamasho ya riƙe masa ƙofa sai ya biya, fasinja ya diro a tsakanin layi biyu, na baya ya kauce ya afka wa mai talla. Duk wannan a gaban masu kaki ake yinsa.

Babu wanda zai ce rashin doka ne ko rashin hukuma. An kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayya cikin 1988. Jihar Ikko ta kafa LASTMA cikin 2000, ta kuma yi sabuwar dokar hanya cikin 2012. Cikin 2017 aka fara tilasta wa motocin haya sa na'urar taƙaita gudu. Ba kuma rashin iko ba ne. Da gwamnati ta ga dama, cikin 2008 ta keɓe wa motocin BRT layinsu a kan wannan hanya. Da ta ga dama, cikin 2022 ta hana acaɓa a ƙaramar hukumar Kosofe, inda Ketu da Mil 12 suke, aka yi ta kwashe babura ana murƙushewa. Ikon da ya iya murƙushe babur ɗin talaka, ina yake shiga in an zo kan tirelar attajiri? Jirgin ƙasan cikin gari da Gwamna Lateef Jakande ya ƙaddamar cikin 1983, wanda da ya rage cunkoson wannan ɓangare, gwamnatin mulkin soja ta soke shi cikin 1985, talakawa suka ci gaba da biyan bashin wannan shawara da rayukansu.

Akwai kuma magana tsakanin Hausawan Ikko da kansu. Ajali gaskiya ne, ba Musulmin da ke musun wannan. Amma yarda da ƙaddara bai hana a tambayi wanda ya yi sakaci ba, shari'a ma ta ɗora diyya a kan wanda ya yi kisa bisa kuskure. In an buge yaro ɗan ci-rani, sai a yi maza a binne shi, a aika gida da labari, magana ta mutu. Ba a rubuta lambar mota ba, ba a kai ƙara ba, ba wanda ya nemi hakkin matarsa da 'ya'yansa, alhali doka ta wajabta wa kowace mota inshorar da za ta biya wanda ta yi wa ɓarna. Shirun nan ne ya sa jinin ɗan dako ya yi araha. Wajibi ne sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwa da limamai su buɗe littafi, duk wanda aka buge a rubuta sunansa da wurin da ranar, a kai wa 'yan majalisar da suka zo neman ƙuri'a a kasuwar.

Abin da ake bukata ba ya buƙatar kwamiti. A tsare iyakar gudun kilomita 50 daga Ojota zuwa Mil 12, dare da rana. A yi wa kowace gada gangara wadda baro da keken guragu za su iya hawa, a sa mata fitila da mai gadi. Inda gada ta yi nisa, a kafa danja ta tsai da motoci mutane su ƙetare. A ba danfo wurin lodi a gefe, a kuma tilasta musu tsayawa can. Duk tirelar da ba a ɗaure kwantenarta ba a tsare ta tun daga tashar jiragen ruwa, in ta yi kisa kuwa a fara da ubangidanta.

Ranar zaɓe ba a tambayar mai baro ko ta gada ya hau kafin a karɓi ƙuri'arsa. Wanda ya karɓi ƙuri'ar ya karɓi amanar ransa. In an yi duk waɗannan gyare-gyare sa'an nan wani ya haura shinge, to a kama shi. Kafin nan kuwa, a sakar wa taiki mara, a nemi jakin.