Kowa na son ya fito a jarumi, to wa zai zama darakta?

A wannan watan bari mu ɗan ajiye zancen 'yan fim, mu taɓa wani wasa da ake yi a zaune, wanda shi ma har fim aka yi a kansa.

Sunansa Mafia. Wani ɗan Rasha mai suna Dimitry Davidoff ne ya ƙirƙiro shi a sashen nazarin halayyar ɗan'adam na Jami'ar Mosko a shekarun 1980. A 1997 Andrew Plotkin ya canza masa riga, miyagun suka koma mutane masu rikiɗa su zama kyarkeci. Faransawa suka fitar da nasu na kati a 2001, wanda a kansa aka gina fim ɗin Loups-Garous da Netflix ta saki a 2024, har da Jean Reno a ciki.

Ana raba kati a asirce. Biyu ko uku su ne miyagu, sauran mutanen gari. “Da dare” kowa ya rufe ido, miyagun su buɗe nasu su nuna wanda za su kashe. “Da safe” a kaure da musu, a kori wanda aka fi zargi. Ƙarya da rantse-rantse kam sai ka ce kotun cikin fim!

To, ina matsalar? Dole a samu mai gabatarwa, wanda shi ba ya cikin wasan. Ya ga katin kowa, don haka babu abin da zai ba shi mamaki. Kuma kusan kullum mutum ɗaya ake liƙa wa, wanda ya fi sanin dokoki. Ran da ya gaji ya ce ba ya yi, shi ke nan majalisa ta watse.

Ni dai a ganina raba aikin ya kamata a yi. Wanda aka fara kashewa, maimakon ya koma gefe yana latsa waya, a ba shi riƙon lokaci da ƙirga ƙuri'a. Idan yana da baki, a bar masa ba da labarin yadda aka tsinci gawa da asuba, domin nan ake cin dariya.

Amma fa aikin dare kada a raba shi a tsakiyar zagaye. Wanda aka kora yana da haushin wani, kuma da ya ga miyagun, fuskarsa kaɗai ta isa ta tona asiri. A bari sai an gama, sannan kujerar ta koma hannun na gaba. Sabon shiga kuma a ja masa kunne: kada ya juya wajen miyagu yana magana, don masu rufe ido kunnensu a buɗe yake. Ya tsaya wuri ɗaya, ko ya yi ta zagaye. Ko likitan gari ya mutu, ya ci gaba da kiransa in ba a bayyana katinsa ba.

Akwai One Night Ultimate Werewolf na 2014, inda waya ke yin kiran dare, kowa ya samu kati. Yana maganin gardama, sai dai waya ba ta iya tsokanar wanda aka kashe ba.

Sai mun haɗu wata mai zuwa.